Gayyar Ɗanjuma

Ranar Laraba ce, tsakiyar damina. An yi ruwa da asuba, ya ɗauke kafin mu fito daga masallaci. Da na dawo gida na tarar Inna, mahaifiyata, ta riga ta hura wuta a bayan ɗaki. Ruwan jego yana tafasa a rabin duro, ganyen darbejiya yana juyawa a samansa. Matata Saude ta haihu ranar Lahadi, aka samu mace. Haihuwa biyu ta yi kafin wannan, duk suka koma tun ba a yi suna ba. Shi ya sa a wannan karon Inna ba ta barin ko kaza ta gifta ƙofar ɗakin.

Na leƙa na gaishe da mai jego. Tana zaune a bakin gado da kwanon kunun kanwa, jaririyar tana barci a cinyarta. Ta ce in ban duba ragon suna ba, kada in dawo mata da labarin noma. Na ce rago yana nan a turke, ya fi ni samun kula a gidan nan. Ta yi dariya, ta dafe mara saboda ciwo. Na saɓa garmata na fita.

Ƙauyenmu yana tsakanin Rogo da Ƙaraye, can ciki, inda mota ba ta shiga idan ruwa ya sauka. Ba zan faɗi sunansa ba. Babu kowa a cikinsa yanzu, sunan ba zai amfani mai karatu da komai ba.

A ranar ne Ɗanjuma ya kira gayya. Don 'yan birni da ba su taso da ita ba, gayya ita ce mutum ya bi gida-gida da goro ya roƙi a taya shi aikin gona na wuni guda. Ba a biyan kowa. Mai gona ya ciyar, ya kawo makaɗi, shi ke nan. Kuma ba a ƙin zuwa. Wanda ya ƙi, ranar da tasa ta taso shi kaɗai zai tsaya a gona, har 'ya'yansa sai an yi musu gori a dandali. Ni da ke jiran suna, ina son ganin jama'a a ƙofar gidana, ta ina zan fara ƙi?

Ɗanjuma ɗan garinmu ne, tare aka yi mana kaciya. Shi ke da shago ɗaya tilo na garin: burodi, lemon kwalba, katin waya, fetur a jarka. A shekarar yana sayar da burodi da fetur fiye da abin da garinmu zai iya ci ko ya ƙona. Muka ce kasuwa ce ta buɗe masa, muka yi masa fatan alheri.

Gonar da ya kira mu ita ce ta ƙetaren rafi, wadda ta fi kowace nisa da gari. An riga an yi mata maimai, wato noma na biyu, aikin da ya rage bai kai a tara gari ba. Ya yanka akuya. Ya ɗauko makaɗa uku a inda ɗaya ya isa. Ya bi tsofaffi ɗaya bayan ɗaya yana durƙusawa, wai su zo ko a inuwa su zauna su sa albarka. Matansa da 'ya'yansa kuwa tun jiya babura suka kwashe su, wai biki ake yi a Ƙaraye.

A lokacin labarin 'yan bindiga ya riga ya iso mana daga yamma. Muna da samari 'yan sintiri, masu bindigar toka, suna zama a mashigar gari dare da rana. Su ma ya kai musu goro. Ya ce wa zai kawo hari da rana tsaka, gari cike da mutane? Kuma a wajenmu ba a zuwa gayya da makami, cin fuska ne ga mai gona. Suka jingine bindigoginsu a zauren mai gari, suka ɗauki garma.

Da hantsi muka ƙetare rafin, ruwa iya gwiwa. Aka ja layi. Bawa makaɗi ya ɗora gangarsa, yaransa biyu suka amsa. Wanda bai taɓa noma da kiɗa ba bai san yadda ƙasa ke laushi ba. Ba ka jin bayanka, ba ka jin ƙishi, ba ka jin komai sai gangar da numfashin wanda ke kusa da kai. Na tsere wa layina. Bawa ya biyo ni da ganga har bakin kunya yana ihu: "Angon ƙarni! Na Saude, ba ka gajiya!" Ni kuwa kaina ya yi girma, na ƙara duƙawa.

Duk lokacin da makaɗan suka sassauta don su sha ruwa, sai Ɗanjuma ya taso da sauri. "A buga! A buga, jama'a za su huce!" Ya tura musu goro a aljihu. Suka ci gaba.

Rana ta take tsaka, ana gab da azahar, sai Bawa ya ɗaga hannu. Kunnen makaɗi ne, ya ji wani bugu da ba nasa ba. Yaransa suka tsaya. Gonar ta yi tsit. A nan muka ji ta: ƙara mai sauri, a jere, ba irin ta bindigar toka ba. Ta tsaya, ta sake. Muka juya. Hayaƙi ya riga ya tashi sama da bishiyoyin gari, ba a wuri ɗaya ba. Abin ya jima da farawa. Na waiga inda Ɗanjuma yake tsaye da tiren goro. Tiren yana ƙasa, shi ba ya nan.

Muka zubar da garma muka ruga. Ruwan asuba ya gangaro daga tudu, rafin da muka ƙetare iya gwiwa ya kai ƙirji. Masu ƙarfi suka faɗa. Tsofaffin da aka kawo sa albarka suka tsaya a gaɓa suna salati. Ruwa ya ja ni ƙasa, na kama saiwa, na fita da rarrafe.

Da muka iso bakin gari, na ƙarshen maharan suna fita ta yamma. Babura ne, kowane da mutum biyu ko uku. Ɗaya ya juyo ya daka tsawa: "Ku kwanta!" Ya buɗe wuta. Biyu daga cikin 'yan sintirinmu suka faɗi a gabana. Sauran suka nufi zauren mai gari don ɗauko bindigogi. Zauren ne farkon abin da aka cinna wa wuta, rufinsa ya riga ya rufta. An gaya musu inda bindigogin suke.

Dangar gidanmu tana ci. Na tsallake. Inna tana kwance kusa da turmi, taɓarya a gefenta, gero ya watse. A ƙirji suka harbe ta. Na taɓa ta, da sauran ɗumi, amma ta tafi. Na faɗa ɗakin Saude. Gado a birkice, kwanon kunu a kife, takalminta ƙafa ɗaya a bakin ƙofa. Na kira ta. Na duba banɗaki, na duba rumbu, na duba bayan ɗaki inda duron jego yake. Turken rago babu komai sai guntun igiya.

Ina tsaye a tsakar gida sai na ji wani ɗan kuka siriri. Daga akurkin kaji yake fitowa. An toshe bakinsa da dutse. Na ture dutsen na zura hannu. Jaririyar ce, an naɗe ta da ɗankwalin uwarta. Kashin kaji duk ya ɓata ɗankwalin, amma ko ƙwarzane babu a jikinta.

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta fito daga cikin masarar bayan gida. Ita ta gaya mini. Sun tara mata da 'yan mata, sun kora su gaba tare da shanu. Saude tana cikinsu. Tana tafiya tana dafa bango, jini yana bin ƙafarta, wani yana bayanta yana cewa: "Tafi! Tafi!"

Na fito titi da jaririya a ƙirji, ban san inda zan sa kaina ba. Gidaje suna ci hagu da dama. A tsakiyarsu gidan Ɗanjuma yana tsaye, shagonsa a rufe da kwaɗo, jarkokin fetur a jere a rumfa. Ko tartsatsi bai taɓa su ba.

Na so in bi su. Da me? Hannuna ɗaya yana riƙe da 'yar da ba ta da suna, ɗayan babu ko sanda. Ina cikin haka aka ji ƙugin babura daga yamma. Wani ya ƙwala ihu: "Sun juyo! Ku fita!" Na koma da gudu na lulluɓe Inna da tabarma. Iyakar abin da na iya yi mata ke nan a ranar.

Muka faɗa cikin dawa. Ba mu bi hanya ba. Mata da yaran da suka tsira a gaba, maza a baya, muka nufi Rogo ta cikin gonaki. Ganyen dawa yana yankar fuska. Bayanmu ana ta harbi jefi-jefi, kamar masu wasa. Jaririyar ta yi kuka har muryarta ta dishe. Na cire rigata na ƙara rufe ta.

Da la'asar hadari ya haɗo, ruwa ya sake saukowa. Muka shiga gonar rake muka rakuɓe. A nan ta daina kuka. Na gwammace kukan. Na jiƙa yatsa da ruwan sama na sa mata a baki, ta ɗan tsotsa ta saki. A cikin matan da ke tare da mu babu mai shayarwa ko ɗaya. Masu goyo duk an tafi da su.

Ruwa ya tsagaita, muka fita muka iske wata ruga. Babu saniya ko ɗaya, sai igiyoyi da bukkoki a rushe. Da safe aka bi ta kansu kafin a zo mana. Wata mata tana zaune a kan turmi da goyo a baya, gawar mijinta a gabanta an rufe da bargo. Dije sunanta, daga baya na sani. Wasu daga cikin mutanenmu suka harare ta, saboda an ji maharan suna Fulatanci. An kuma ji suna Hausa. Wanda ya sayar da mu kuwa tare aka yi mana kaciya.

Ta dubi abin da ke hannuna. Ta miƙo hannu biyu ta ce: "Kawo ta." Ta juya baya ta sa mata nono. Na tsaya ina kallon ƙasa ina saurare. Aka jima, sai na ji haɗiya. Na durƙusa a cikin taɓo na yi kuka kamar yaro, ban ji kunyar kowa ba.

'Yan uwanta suka tsaya binne mamacin, suka ce ta bi mu da yara. Ta tafi da nata a baya, tawa a gaba. Ana kiran magariba muka shiga Rogo. Mutanen gari suka fito suka tsaya a bakin titi suna kallonmu, babu takalmi, babu hula, laka har wuya. Aka buɗe mana wata makaranta. Matan unguwa suka yi ta aiko da tuwo. Ban iya ci ba.

Washegari muka koma da rakiyar jami'an tsaro muka binne mutanenmu. Ni na sa Inna a kabari. Bayan nan muka bi sawun shanu da babura ta burtali, muka yi yamma. Da muka kai wata fadama sai masu rakiya suka ce iyakarsu ke nan, gaba ba su da umarni. Na roƙe su. Na ce matata mai jego ce, ba za ta yi nisa ba. Suka ce a juya. Muka juya.

A barandar makaranta aka raɗa wa 'yata suna, babu rago, babu wanzami sai na aro. Na ce a sa mata Hadiza, sunan matar da ta shayar da ita.

Kafin kaka waɗanda aka sace suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, bayan danginsu sun sayar da abin da ya rage musu. Duk wadda ta dawo sai na je. In bari ta huta, in durƙusa in tambaya. Amsarsu ɗaya: tun ranar farko aka raba su kashi-kashi, Saude tana can baya, ba su ƙara ganinta ba. Ni babu wanda ya taɓa kirana a waya a kanta. Dattawa suka zo za su yi mini ta'aziyya, na tashi na bar musu wurin. Na ce ba a nuna mini gawa ba. Matata tana wani wuri, kuma za ta zo ta tarar ban shimfiɗa tabarmar makokinta ba.

Ba mu koma ƙauye ba. Rabinmu suka zauna a Rogo, mu muka gangaro Ƙaraye, muka kama ɗakunan haya a bakin gari. Dije ta zauna wajen yayanta a layin bayanmu, Hadiza ta tashi a hannunta tare da ɗanta. Wani ɗan uwa ya ba ni babur, na zama ɗan acaɓa.

'Yan gari suna cewa Ƙaraye ta bunƙasa, ga sababbin unguwanni, ga babura ko'ina. Ni na san da me ta bunƙasa. In ka hau bayan ɗan acaɓa a tasha, dubi tafin hannunsa. Kantar garma ce, ba ta babur ba. Tsohon da ke fere rake a bakin kasuwa, wanda yara ke tsokana saboda ba ya magana, Bawa ne. Tun ranar bai sake taɓa ganga ba, ya ce da hannunsa aka toshe mana kunne. A layinmu ba a kiɗa ko da biki, maƙwabta suna zaton tsananin addini ne. Ranar Juma'a ko jana'iza ba ma fita gaba ɗaya, dole namiji ɗaya ya zauna a bakin layi, suna yi mana dariya wai muna gadin kwata. In ayarin baburan ɗaurin aure ya wuce, matanmu sai su suri yara su faɗa ɗaki. Har yau in wani ya zo mini da goro yana murmushi, sai na tambayi kaina me yake so in bari a baya.

Ɗanjuma ma yana Ƙaraye. An kama shi a makon farko, aka sake shi, wai babu shaida. Kiran gayya ba laifi ba ne a kowace doka. Ya buɗe shagon hatsi kusa da kasuwa, ya gina gida mai ƙofar ƙarfe, ya je Makka ya dawo. Yanzu Alhaji ake ce masa, a sahun gaba yake salla. Birni ba ya tambayar mutum daga ina ya samu, in dai rigarsa da guga. In muka haɗu sai ya ɗaga hannu: "Haladu, ya ƙarin haƙuri?" Ban taɓa amsawa ba. Na tsane shi, kuma ba na neman tsari daga wannan tsanar. Na yi ta roƙon Allah kada ya kashe shi da zazzaɓi ko haɗarin mota kafin in same shi shi kaɗai.

Na same shi a shekarar da Hadiza ta shiga firamare. Ranar kasuwa ce, bayan la'asar, ana yayyafi. Ina sanye da rigar ruwa, na naɗe fuska da rawani. Ya fito daga shago yana kare kai da buhu, ya yafito ni. Ya hau ya ce hanyar Rogo, zai duba wasu buhuna a wani gida. Ko fuskata bai kalla ba. Alhaji ba ya kallon ɗan acaɓa.

Na wuce gidan da ya nuna. Ya taɓa kafaɗata, na ƙara wuta. Na sauka daga kwalta na bi wata hanyar shanu, na yi ta tafiya har gidaje suka ɓace. Ya fara ihu. Na tsaya a inda babu kowa sai ciyawa, na kashe babur, na kwance rawanin. Da ya gan ni ya zame daga babur, ya zauna a cikin laka da farar shaddarsa. Akwai wuƙa a ƙuguna, na fito da ita.

Na ce: "Ina Saude?"

Ya fara rantsuwa. Na matso. Ya ce tilasta shi aka yi, sun ce in bai yi ba gidansa za su fara. Na ce ban tambaye shi wannan ba.

Ya ce: "Ba ta kai daji ba. Jini ya ɓalle mata. Sun bar ta a gindin kanyar nan ta bayan fadama."

Na ce: "Da rai?"

Ya sunkuyar da kai. "Da rai."

"Yaushe ka sani?"

"A ranar. Sun kira ni da yamma."

Na san kanyar. Daga inda masu rakiya suka ce mu juya ana hango kanta. Washegarin nan da nake tsaye a bakin fadama ina roƙo, tana can ƙetare, ko da rai ko babu, Allah kaɗai ya sani. Kalma ɗaya daga bakin mutumin nan ta isa a ɗauko ta tun a yammacin. Ya riƙe ta a cikinsa, ya je da ita Makka ya dawo, yana ɗaga mini hannu yana tambayata haƙuri.

Ban yanka shi ba. Kada wani ya ce tausayi ne ko tsoron Allah, ban ji ko ɗaya ba a lokacin. Hadiza na tuna. In na yanka shi, ita za ta rasa uba, shi kuma ya huta cikin minti ɗaya. Na cire masa takalma na jefa a ciyawa, na taka wayarsa. Na ce masa ban yafe ba, Inna ba ta yafe ba, kuma ranar da aka ɗauko gawarsa liman ya ce a yafe masa, in ina raye zan miƙe a cikin sahu in ce ban yafe ba. Na hau babur na bar shi a nan.

Ya dawo gari da ƙafa. Bai kai ƙara ba, ya san abin da zai fito. Na je na faɗi abin da ya gaya mini a inda ya kamata, aka ce maganar da aka yi da wuƙa a hannu ba shaida ba ce, in ma na matsa ni za a riƙe. To. Kowace safiya in zan kai Hadiza makaranta, ta gaban shagonsa nake bi. In tsaya, in kashe babur, ita tana zaune a kan tanki da farin hijabinta. Kamarta ɗaya da uwarta. Shi kuma sai ya shige ciki ya bar masu ciniki a tsaye. Ya rame. Ina so ya yi tsawon rai.

Ni da Bawa muka je kanyar. Ba a zuwa wajen yanzu, amma muka je da sassafe. Itacen yana nan, ciyawa ta kai ƙugu. Muka duba gindinsa, muka tona tsakanin saiwoyi, muka zaga har bakin ruwa. Damina nawa ta wuce a kai. Ba mu samu ko ƙyalle ba. Muka tsaya mu biyu muka yi mata addu'a, muka juyo.

Da na dawo na ari tabarmi a masallacin layinmu na shimfiɗa a ƙofar ɗakina. Na sa buta da kwanon goro, na zauna. Mutanen ƙauyenmu ba su tambayi komai ba. Maza suka zo suka zauna, mata suka shige ciki wajen Dije, wadda ta zo ta karɓi gaisuwar mata. Wani maƙwabcina ɗan gari, da muka yi shekaru muna salla tare, ya tsaya ya cire takalmi.

Ya ce: "Malam Haladu, wa aka rasa?"

Na ce: "Matata."

Ya ce: "Inna lillahi. Ashe kana da iyali?" Ya yi addu'a ya shafa, ya tafi kasuwa.

Inna tana da kabari, na san inda yake ko ba na iya zuwa. 'Ya'yanmu biyu na farko suna kusa da ita. Saude ba ta da shi. Ba a yi mata wanka ba, ita da aka yi ta dafa wa ruwa safe da yamma. Kwana uku ta yi da 'yarta.

Da azahar Hadiza ta dawo daga makaranta, ta ga takalma a ƙofa. Ban taɓa gaya mata ba, ina jiran ranar da Saude za ta shigo ta faɗa mata da bakinta. Ta tsallake tabarma ta zo ta jingina da kafaɗata.

Ta ce: "Baba, wa ya rasu?"

Na ce: "Mahaifiyarki."

Ta leƙa cikin ɗaki, ta ga Dije zaune a tsakiyar mata tana raba goro. Ta juyo ta dube ni.

Ta ce: "Ai ga ta can zaune."

Na ce mata haka ne, ta je ta cire kayan makaranta.